"Bari Mu Gani Zuwa Gobe"

Jama'ar cikin birni, assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a ɗaya daga cikin ƙananan asibitocin da ke cikin ganuwar Kano, kuma yau magana zan yi da ku ba ɓoye-ɓoye, wanda ya ji zafi ya yi mini afuwa.

Cututtukan da ke ɗaukar mana rayuka a tsofaffin unguwanninmu sanannu ne, har lokacin zuwan kowacce mun sani. Da zafi, sanƙarau da ƙyanda. Damina na sauka kwatoci su toshe, Jakara ta cika ta batse, ruwan masai ya tsatsafa cikin rijiya, sai amai da gudawa, da taifot, da zazzaɓin cizon sauro. Tarin fuka kuwa ba ruwansa da rani ko damina, tunda zuri'a guda ce a gida ɗaya, ɗakuna ba tagar kirki. Manyanmu ba su manta da sanƙarau na 1996 ba, wanda ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan. A 2021 kwalara ta ci sama da mutum 3,600 a Najeriya. Ga mashaƙo da ya ɓullo tun ƙarshen 2022, kuma babu jihar da ta ji jiki kamar Kano.

Duk waɗannan suna da magani, wasu ma da rigakafinsu kyauta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ajiye mara lafiya a ɗaki ana cewa bari mu gani zuwa gobe.

Yaro ya fara gudawa da asuba, tsululu kamar ruwan wankin shinkafa. A aika kemis a sayo Flagyl da ja-da-yalo. Da azahar ya fara amai, a jiƙa masa sassaƙe. Da magariba uwa ta ce a tafi asibiti, sai a ce maigida bai dawo daga kasuwa ba. Sai tsakar dare a saɓo shi a kafaɗa, a ratsa lungun da ko Keke Napep ba ya shiga, a kawo mana shi idanu sun zurma, harshe ya bushe, in ka ja fatar cikinsa ba ta komawa, jijiyar da za mu sa ƙarin ruwa ma ta ɓace. Haba jama'a! Kwalara tana iya kashe ƙaton mutum cikin sa'o'i, balle yaro. Wace goben ake jira?

Haka ƙyanda. Har yau akwai masu kulle yaro a ɗaki, wai allura tana mayar da ita ciki. Ba gaskiya ba ne. Kullen ne ke sa ta sauka a ƙirji, ko ta taɓa ido. Mashaƙo kuma, wuya ya kumbura, yaro na numfashi da ƙyar, sai a kira wanzami a ce beli ne.

Iyayena mata, na san ba rashin so ba ne. Na san ana tunanin kuɗin mota da na magani, wasu kuma na jin kunyar a ce an kai nasu Asibitin Zana, wato asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Amma wallahi kuɗin da ake zubawa a kemis kwana uku ya fi na zuwa da wuri. Ku kuma magidanta, don Allah ku ba da izini tun yau: in ciwo ya taso ba kwa nan, ta ɗauki yaro ta tafi, ta kira ku a hanya.

A taƙaice, gudawa na farawa a haɗa ORS, wato garin gishiri da sukari na leda da ake jiƙawa, in babu a sa sukari ƙaramin cokali 6 da rabin ƙaramin cokalin gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, ana ba shi ana tafiya asibiti. Mai shayarwa kada ta daina ba da nono. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko kumburin wuya, a fito a daren, ba sai gari ya waye ba. Tarin da ya wuce mako 2 a zo a gwada majina, gwaji da magani kyauta ne. In kuma mutum biyu sun kwanta a gida ɗaya da ciwo iri ɗaya, a sanar da mai unguwa da asibiti mafi kusa a ranar.