A ko C? Waiwaye kan rariyar lissafi a kolejojin Maraɗi

Duk shekara, da zarar sakamakon BEPC, wato jarrabawar kammala kolej, ya fito, tambayar da ke yawo a gidajen Maraɗi ita ce inda za a tura yaro: A ko C? Ajin A na masu adabi da harsuna ne, ajin C na masu lissafi da kimiyya. Masu rabon suna duba makin da yaro ya samu a lissafi da fizik da Faransanci, su duba shekarunsa da yawan gurbin da ke akwai a lise, sai su yanke. Iyaye kan ɗauka a wannan watan ne aka yanke wa ɗansu hukunci. Ni kuwa ina ganin an riga an yanke shi tun shekara huɗu baya, a ajin farko na kolej, wanda muke kira sizyam.

Tsarin dai gadon Faransa ne: shekara shida a firamare daga CI zuwa CM2, shekara huɗu a kolej, shekara uku a lise kafin bak, jarrabawar shiga jami'a. Ana ba da maki bisa 20, wanda ya kai 10 ya tsallake. Kowace darasi tana da nauyinta wajen haɗa jimla, kuma lissafi na cikin masu nauyi. Saboda haka yaron da ya ci 4 a lissafi sai ya yi da gaske a sauran darussa kafin ya cike ramin.

A zamanin Nasara ba a ma maganar rabo, don ƴan lakwal ɗin ba su taka kara sun karya ba. Tsofaffi har yanzu suna ba da labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu idan an zo ɗaukar ƴan makaranta. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Daga cikin waɗannan ƴan ƙalilan aka samu Abdou Moumouni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, masanin fizik da hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Tun 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka, inda ya nace cewa a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi. Za mu dawo kan wannan.

Bayan ƴancin kai, ƙofar kolej guda ce, kuma ƙunci gare ta: jarrabawar satifika, wato CFEPD, tare da tantancewar shiga sizyam. Kolejoji kaɗan ne, galibi a manyan garuruwa, don haka yawan kujeru ne ke faɗin yawan waɗanda za su wuce. Abu biyu ke kayar da yara a lokacin, dikte da matsalar lissafi, irin ta ɗan kasuwar da ya sayi buhu kaza ya sayar da riba kaza. Wanda ya wuce ya iya tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, ya kuma haddace jadawalin ninki, ko da bulala ce ta sa shi. Masu yabon wancan zamani suna da gaskiya a nan. Abin da ba su cika faɗi ba shi ne yawan yaran da ake mayarwa gona da kasuwa suna da shekara goma sha uku, ba don ba su da kai ba, sai don babu benci.

Shi kansa abin da ake koyarwa ya sha juyi. A shekarun 1970 Faransa ta rungumi abin da ta kira lissafin zamani, mu ma aka kawo mana. Yaro ya shiga sizyam sai ya tarar da zane-zanen da'irori masu shiga juna da kibiyoyi tsakaninsu, ana maganar rukuni da alaƙa, alhali uban da ya yi lakwal a baya bai san ta inda zai taimaka ba. Faransawa da kansu suka ja da baya daga wannan. Daga bisani ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka haɗa kai suka daidaita manhajar lissafinsu, abin da ya haifar da jerin littattafan CIAM a shekarun 1990. Duk wanda ya yi kolej a Maraɗi tun daga lokacin ya san su, ko da kuwa kwafi ɗaya ne a hannun mushe, shi kaɗai.

Babban sauyi ya zo ne daga ƙarshen shekarun 1990. An yi dokar tsarin ilimi ta LOSEN a 1998, sannan shirin shekara goma na PDDE ya fara a 2003, da burin kowane yaro ya shiga aji. Baitulmali kuwa ba shi da ƙarfin ɗaukar ma'aikatan dindindin, ga matsin tsuke bakin aljihu, ga karyewar darajar sefa ta 1994. Sai aka koma ɗaukar ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, da albashi kaɗan da horo kaɗan. Makarantu suka yaɗu, kolejoji suka isa ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji da Dakwaro da Mayayi. Wannan ci gaba ne na gaske, ban raina shi ba. Amma malamin lissafi ba a samunsa da sauri kamar yadda ake kafa rumfa. Sau da yawa wanda ya karanta wani fanni dabam shi ake miƙa wa alli a ce ya riƙe sizyam, manyan azuzuwa masu jarrabawa kuma a ba ƙwararru. Ka ga an ba harsashin gini ga wanda bai fi ƙarfin aikin ba. Ga yajin aiki kan bashin albashi. Ga kuma azuzuwan zana, waɗanda ba a iya kafawa sai an gama girbi an samu kara, a kuma watse da faɗuwar ruwan farko. Shekarar da aka tsara wata tara sai ta koma shida ko bakwai, kuma babin ƙarshe na littafi shi ke tafiya.

Ana cikin haka aka soke jarrabawar satifika a shekarar karatu ta 2013 zuwa 2014, aka ce makin da yaro ya tara a aji shi zai kai shi kolej. Hujjar tana da ma'ana: jarrabawar na cin kuɗi, tana kuma tare yara da yawa a bakin ƙofa. Sai dai a daidai lokacin, binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗalibai a ƙasashe goma, ya nuna cewa a Nijar waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a lissafi a ƙarshen firamare ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba. A 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi na firamare gwaji, sakamakon ya tayar da ƙura, aka sallami wasu. To, waɗannan yaran ne suka cika sizyam maƙil. Rariyar ba ta tafi ko'ina ba, wuri kawai ta sake. Maimakon a tace yaro a rana ɗaya a zauren jarrabawa, sai a tace shi a hankali: ya maimaita aji, ya sake faɗuwa, a kore shi. Waɗanda suka lallaɓa har ƙarshe kuma BEPC na jiransu. A 2021 kusan ɗaya cikin biyar ne kawai suka ci.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jin ana cewa yaranmu ba su da kan lissafi. A Maraɗi? Je ka babbar kasuwa ka tsaya kusa da yarinya mai tallar ƙuli-ƙuli. Ka ce mata sefa 375, nan take za ta ce maka dala saba'in da biyar. Ta raba da biyar ke nan, ba alli ba allo. Ta san jikka dala ɗari biyu ce, ta san tiya nawa ke cika buhu, kuma yaron da ke bin ubansa hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya yana juya naira zuwa sefa a ka, da canjin da ke motsi kowace safiya. Wannan yaron ne zai zauna a aji a karanta masa matsala da Faransanci, ya kasa gane ko tarawa ake so ko rabawa. Ba lissafin ne ya kayar da shi ba, jimlar ce. Su ma lambobin na Faransanci ba su da tausayi: tamanin ita ce "huɗu sau ashirin", casa'in da bakwai kuwa "huɗu sau ashirin da goma sha bakwai".

Kuma lissafin kolej tsani ne, ba a tsallake mataki. Wanda bai kama ɓangarorin lamba a sizyam ba, zai tarar da lambobin da ke ƙasa da sifili a aji na biyu, sannan haruffa su maye gurbin lambobi a aji na uku tare da ƙa'idar Pitagor, a aji na huɗu kuma ga ƙa'idar Tales ga tushen murabba'i. Darasin tarihi idan ka rasa babi ɗaya kana iya cin na gaba. Nan ba haka ba ne.

Ba a ce ba a taɓa gwada magani ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa, irin abin da Abdou Moumouni ya nace a kai, kuma sunan gwaji ya bi irin waɗannan makarantu shekaru da dama. Hukumar JICA ta Japan ta kawo shirin SMASSE a 2006 don sake horar da malaman lissafi da kimiyya na sakandare, ta kuma tallafa wa kwamitocin iyaye da malamai su shirya wa yaran firamare atisayen lissafi bayan an tashi. A watan Maris na 2025 kundin da ya maye gurbin tsarin mulki ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci kuma harsunan aiki. Amma takardar jarrabawar lissafi ta kolej ba a rubuta ta da doka kaɗai, sai da littafi da kalmomi da malamin da aka horar.

Idan aka zo rabo bayan BEPC, sakamakon duk wannan yana fitowa fili. Azuzuwan A sun cika sun batse, na C ba su da yawa, kuma daga cikin waɗanda suka shiga C da yawa suna zamewa zuwa D, ajin kimiyya da lissafinsa bai kai na C nauyi ba, bayan shekara guda, har ajin ƙarshe na C ya koma ƴan tsiraru. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa tana son masu lissafi, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ma haka. Idan masu shiga sashen lissafi kaɗan ne, masu fitowa su koyar a kolej ma kaɗan ne, sai sizyam ta sake faɗawa hannun wanda aka samu. Mai hali yana ɗaukar wa ɗansa malamin gida ko ya kai shi makarantar kuɗi. Ƴar ƙauye kuwa da ke zaune gidan mai masauki a gari, idan ta maimaita aji sau ɗaya, maganar aure ce ke biyo baya, duk da dokar 2017 da ta nemi a bar ƴaƴa mata a makaranta har shekara 16.

A 2024 an dawo da jarrabawar satifika bayan kusan shekara goma. Malamai da dama sun yi murna, kuma na fahimce su, don yaron CM2 da ya san akwai jarrabawa gabansa ya fi zama. Sai dai jarrabawa awo take yi, kamar tiya, ba ta ƙara ko ƙwayar hatsi. Yaran da suka rubuta ta a 2024 sun shiga sizyam a ƙarshen waccan shekara, kuma waɗanda ba su maimaita aji ba za su zauna BEPC a 2028. Ranar da aka raba su tsakanin A da C, sai a ƙirga kujerun C.