Dogon sifirin ba ya ɗaga aksul ɗin mota daga rairayi

An daɗe ana faɗa a garejin Maradi cewa in ka sa wa Prado ko Land Cruiser 80 dogon sifirin a baya, wanda wasu ke kira resor, cikinta ya daina shafar rairayi a hanyoyin ƙauyukan Dakoro da Mayahi. Ba laifin masu faɗa ba ne, don ido na ganin motar ta ƙara tsawo.

Amma jikin motar ne kawai ya hau. Sifirin yana zaune ne bisa aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu, aksul kuma tayoyi ke ɗauke da shi. Tulun nan na tsakiyar aksul ɗin baya, wanda yakan riga komai tokarar tudun yashi, yana nan inda yake. Babbar taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma in tsayinta ya ƙaru da santimita 4, santimita 2 za ka samu.

Gwada da kanka. Ka ajiye motar a kan siminti, ka auna daga ƙasa zuwa gindin tulun kafin gyara da bayansa. Awon ba zai canza ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tiyon birki. Jiki ya hau, tiyon yana nan da tsawonsa na da, sai ya iya ɗamewa sosai in taya ta faɗa rami. Ka ce wa makanike ya duba shi, ya duba tsawon shokozoba. Motar da aka ɗaga kuma ta fi saurin kifewa a kwana, balle da kaya a sama.

Don Allah a tura wa direbobi 'yan uwa wannan bayani.