Faifan birki a motar gudu mara nauyi: me ya dace a canza, me ya dace a bari?

Duk wanda ya mallaki ƙaramar motar gudu irin Mazda MX-5, Lotus Elise ko Caterham Seven, da wuya ya shekara da ita bai fara tunanin taɓa birkinta ba. Sai ya hango manyan faifai masu ramuka suna ƙyalli ta cikin rim ɗin wata mota, nan take ransa ya biya. Ga tambayoyin da masu irin waɗannan motoci suka fi yi kafin su kashe kuɗi.

Idan na sa babban faifai, motar za ta fi saurin tsayawa?

A taka ɗaya, a'a. Taya ce ke tsayar da mota, birki kuwa taya kawai yake riƙewa. Muddin birkin da motar ta zo da shi yana iya kulle taya, ko ya tayar da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, har ka ji feda na harbin ƙafarka, to ƙarfinsa ya riga ya wuce abin da tayar ke iya ɗauka. Mai son rage tazarar tsayawa, taya zai fara dubawa.

Amfanin babban faifai a wani wuri yake. Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi, faifan kuma shi ne ma'ajiyar wannan zafi kafin iska ta kwashe shi. Babba ya fi ɗauka, ya fi saurin huce. Saboda haka ba a taka ta farko ake ganin bambanci ba, sai a ta ashirin, a filin tsere ko a doguwar gangara.

To me ya raba mota mara nauyi da sauran a nan?

Lissafin a fili yake. Zafin da birki zai sha yana tafiya da nauyin mota kai tsaye: rabin nauyi, rabin zafi. Gudu kuwa idan ya ninka biyu, zafin huɗu yake ninkawa. Mota mai kilo 900 da ke gudun kilomita 160 a awa, idan ta tsaya cak, ta zuba wa birkinta zafin da zai iya kai lita biyu da rabi na ruwa ga tafasa, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Mai kilo 1,800 ninkin haka za ta zuba. Shi ya sa faifan da zai yi wa babbar mota kaɗan yake wadatar ƙarama har da saura.

Sannan akwai abin da ba a cika tunawa ba: faifai ba a kan sifirin yake zaune ba, yana maƙale da taya ne, yana tsalle tare da ita a kowane gargada. Kilo biyu da ka ƙara a kowace ƙafa, babbar mota ba za ta ji ba, amma a wadda ba ta kai tan ɗaya ba za ka ji sitiyari ya yi nauyi, taya kuma ta rage manne wa ƙasa a kwana mai gargada. Kamfanin Lotus ya ɗauki wannan da muhimmanci har Elise ta farko, wadda ta fito a 1996 da nauyin kusan kilo 725, ta zo da faifan alminiyom da aka gauraya da wani sinadari mai tauri, mai buƙatar fatar birki (abin da ke matse faifan) irin tasa daban. Daga baya aka koma ƙarfen zubi. Wanda ya ɗora wa irin wannan mota faifai mai nauyi don ado, ya rushe abin da aka ƙera ta dominsa.

Mai ramuka, mai tsage, ko sumul: wanne ya fi?

Mai ramuka shi ya fi kyan gani, shi kuma na fi shakka a kai. Asalin ramukan don fitar da iskar da tsoffin fatun birki ke fesowa idan sun yi zafi ne, fatun yanzu kuwa ba sa yin haka sosai. Yana ɗan taimakawa a ruwan sama, yana rage ɗan nauyi. Amma kowane rami mafarin tsagewa ne. Cire taya bayan wuni guda ana gasa shi a filin tsere, ka haska fitila: za ka ga siraran layuka kamar gashi suna fitowa daga bakin ramukan. Ƙanana ba komai, amma da zarar ɗaya ya haɗa rami da rami, ko ya kai gefen faifai, aikinsa ya ƙare.

Mai tsage yana kankare fuskar fata a kai a kai, don haka cizonsa ba ya sauyawa. Farashin haka shi ne fata na saurin cinyewa, ga ɗan gurnani idan ka taka. Sumul kuwa, idan ƙarfensa mai kyau ne, ya fi duka arha da juriya, kuma motocin tsere da yawa da shi suke gudu. Ni dai ga mai hawa titi kullum yana leƙa fili jefi-jefi, sumul zan ce.

Kada a haɗa wannan da faifai mai hanyar iska a tsakiya, wanda fuska biyu ne da 'yan ginshiƙai tsakaninsu. Wannan sanyaya ta gaske yake yi. Idan ginshiƙan a karkace suke, akwai na dama akwai na hagu, kuma idan aka musanya su iskar ba za ta fita yadda ya kamata ba.

Faifai mai gida biyu fa, ya cancanci kuɗinsa?

A nan ne mota mara nauyi ke cin riba ta gaske. Zoben da fata ke matsa ƙarfen zubi ne, hular tsakiya kuma alminiyom, wanda nauyinsa bai kai rabin na ƙarfe ba. Ka rage nauyi a daidai inda ya fi damu ba tare da ka rage girman zobe ba. A irin da zoben ke da ɗan sarari a kan kusoshinsa, yana iya buɗewa idan ya yi zafi ba tare da ya lanƙwashe ba, kuma zafin da ke gangarawa zuwa boris yana raguwa. Idan ya cinye, zoben kaɗai za a canza. Kamfanoni irin AP Racing, Brembo da Wilwood duk suna yin sa. Aibinsa tsada, da ɗan kacau-kacau idan yana sanyi, da tsatsa a mahaɗar ƙarfe da alminiyom a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin hunturu.

Na kabon da yumɓu irin na Ferrari da Porsche?

Ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, amma an yi shi ne don motoci masu nauyi da tsananin gudu. Saiti ɗaya na iya fin kuɗin tsohuwar MX-5 gaba ɗayanta. A wuce wurin.

Birkina na mutuwa bayan zagaye huɗu ko biyar a filin tsere. Ba laifin faifai ba ne?

Ƙafarka za ta gaya maka. Idan feda na nan da tauri amma motar ta ƙi rage gudu, ga warin ƙuna, fata ce ta wuce zafin da take iya ɗauka. Idan kuwa feda ta yi laushi tana nutsewa ƙasa, man birki ne ya tafasa, tururi kuma matsuwa yake yi. Ana raba man birki aji-aji da lambar DOT: sabon man DOT 3 bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 205 na ma'aunin Celsius ba, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 digiri 260. Matsalar ita ce man yana tsotsar danshi daga iska, DOT 4 da ya sha ruwa yana iya sauka zuwa wajen 155. Shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, mai zuwa fili kuma fiye da haka. A kula, DOT 5 dangi daban ne, ba a gauraya shi da sauran.

Don haka a fara da sabon mai, sai fata mai jure zafi, sai tiyo mai saƙar ƙarfe idan na roba ya tsufa, sai bututun da zai kai iska tsakiyar faifai. Sai duk waɗannan sun gaza ake maganar girma. Fatar tsere zalla ma kada a sa ta a motar titi, don wasunsu ba sa cizo sosai da sanyin safiya, ga kuka, ga cin faifai.

Idan duk da haka ina son babban saiti a gaba?

To ka tuna da baya. Masu ƙira sun raba aiki tsakanin gaba da baya da lissafi, kuma a mota irin Elise da injinta ke bayan direba, ƙafafun baya na ɗaukar kaso mai tsoka. Ka ƙarfafa gaba kaɗai, gaba ya kulle da wuri, baya bai gama ba da nasa ba, sai tazarar tsayawa ta ƙaru maimakon ta ragu. Ka kuma auna ko zai shiga rim ɗinka, don ƙananan motocin nan da yawa inci 14 ko 15 suke hawa.

Sitiyari na rawa idan na taka. Faifan ya lanƙwashe ke nan?

Sau da yawa bai lanƙwashe ba. Fata ce ta bar shafenta a jikinsa ba daidai ba, galibi saboda an tsaya da birki mai zafi an ci gaba da danne feda. Wani lokaci har hoton fatar za ka gani a fuskarsa. Wani lokacin kuma tsatsa ce aka bari a mazaunin faifai ranar ɗaurawa, ko an ɗaure notin taya wani ya fi wani.

Saboda haka ranar sa sabo, a goge mazaunin har ya yi fes, a wanke man da aka shafa wa faifan don hana tsatsa, a ɗaure noti a gicciye da sifana mai auna ƙarfi. Sannan a hora shi a hanyar da ba kowa: taka mai ƙarfi daga wajen kilomita 100 zuwa 20, sau takwas ko goma, ba tare da tsayawa cak ba, sai a yi ta tafiya har ya huce. Idan mai fatar ya ba da tsarinsa, nasa za a bi. Mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi kuwa a rubuce yake a hula ko gefen faifan. Ranar da awo ya kai wannan lamba, a canza na dama da na hagu tare, da sabuwar fata.