Abincin gargajiya na yankunan Norway

Abincin gargajiyar Norway ya samo asali ne daga buƙatar adana abin da za a ci a dogon lokacin sanyi, domin ƙasa ce mai duwatsu da ƙarancin filin noma. Kowane yanki da dabararsa, gwargwadon abin da teku ko dutse ya ba shi.

Busasshen kifin Lofoten

Wanda ya fi suna shi ne tørrfisk, wato busasshen kifi na tsibiran Lofoten da ke arewa. Daga Janairu zuwa Afrilu, kifin skrei, wani nau'in kifin cod, kan baro tekun Barents ya gangaro nan don zuba ƙwai. Masunta sukan yanke kansa, su kwashe kayan ciki, su ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, su rataye a kan dogayen rumfunan katako da ake kira hjell. Ba a sa gishiri, ba a banda shi. Iska ce kaɗai ke aikin har kusan wata uku. Sanyin wurin ya isa ya kori ƙuda, amma bai kai ya daskarar da naman ya ɓata shi ba, kuma wannan daidaito ne ya ɗaga Lofoten. Kifin kan fito da tauri kamar icce, ya shekara da shekaru bai lalace ba.

Ana kyautata zaton fataucinsa ya kankama tun ƙarni na 12. Birnin Bergen ne ya zama kasuwarsa, inda fataken Jamus na ƙungiyar Hansa suka kafa sansani a unguwar Bryggen wajen 1360. A 1432 wani bafatake daga birnin Venis na Italiya, Pietro Querini, ya tsira daga hatsarin jirgin ruwa ya faɗa tsibirin Røst. Ana cewa shi ya fara kai kifin zuwa Italiya, ko da yake masana ba su haɗu a kan haka ba.

Najeriya na cikin manyan masu sayensa, musamman busassun kawunan. Igbo na kiransa okporoko, Yarbawa kuma panla. An shigo da shi cikin kayan agaji lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

Daga busasshen kifin ake yin abincin da ake kira lutefisk, bayan an jiƙa shi a ruwan toka ya yi laushi. Kifin klippfisk na garin Kristiansund kuwa da gishiri ake busar da shi.

Nama da nono

A Voss da ke yamma akwai smalahove, wato kan tunkiya da aka babbake, aka sa wa gishiri, aka banda, sannan a dafa a ba kowa rabi. A da abincin talaka ne. Pinnekjøtt busasshen haƙarƙarin rago ne da mutanen yamma ke turarawa lokacin Kirsimeti. A Valdres ana tsima kifin tafki cikin gishiri na tsawon watanni, ya zama rakfisk. Kwarin Gudbrandsdal ya shahara da brunost, cuku mai ruwan ƙasa da ɗan zaƙi, wanda ake danganta gyaransa ga wata mai tatsar nono, Anne Hov, wajen 1863. Kabilar Sami ta arewa na da bidos, farfesun naman barewar da suke kiwo.

Abin sha

Akevitt barasa ce ta dankalin Turawa da kayan ƙamshi. Manoman Voss kuma na dafa giyar gida da tsohon yisti mai suna kveik.