Minsharin da ba na barci ba ne

Babu wanda yake farkawa tsakar dare don ya tuna wa kansa ya yi numfashi. A gindin ƙwaƙwalwa, daidai ƙeya, inda ta haɗu da lakar gadon baya, akwai wani ɗan sashe da Allah ya ɗora wa wannan aiki. Shi ke lura da yawan gurɓatacciyar iskar da ta taru a jini, da ta yi yawa sai ya sa ƙirji ya ja sabuwa. Da shi baligi ke numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya ba tare da ya sani ba. Bugun zuciya, ƙarfin gudun jini, haɗiya, tari da amai, duk yana da hannu a ciki.

Wannan wurin ne kodin da tiramol suke dannewa. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma har yau yana shiga hannun 'ya'yanmu, wasu ma suna haɗa shi da ƙwayoyin barci irin su roci, abin da ke ninka haɗarin. Ƙwaƙwalwa sai ta daina jin cewa jiki na neman iska, numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne a tarar da yaro yana wani irin minshari mai kakari, a ce ya bugu ne, a bar shi zai wartsake. Iyaye, yayye, ku girgiza shi, ku kira sunansa da ƙarfi. In bai farka ba, numfashinsa na jinkiri, baƙin idonsa ya tsuke, leɓe da farata sun sauya launi, to a nemi abin hawa nan take. Mintuna kaɗan ba iska sun isa ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa.

Kada a ɗura masa madara ko man ja ko ruwan tsamiya, domin haɗiya da tari ma sun raunana, huhu abin zai wuce. A kwantar da shi ta gefe saboda amai.

A asibiti kuma kunya kada ta sa a ɓoye abin da ya sha. A tafi da kwalbar ko kwalin ƙwayar. Akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashi, kuma likita zai fi saurin yin ta idan ya san abin da yake fuskanta.