Direbobin manyan motoci a Birtaniya da rigar ƙyalli: me ake jayayya a kai?

Duk direban tirela da ya kai kaya babban sito, ko masana'anta, ko tashar jiragen ruwa a Birtaniya ya san cewa maigadi ba zai ɗaga masa shinge ba sai ya ga falmaran mai ƙyalli a jikinsa. Rigar ba ta da tsada kuma ba ta da nauyi, amma ta daɗe tana jawo ce-ce-ku-ce tsakanin direbobi da masu kula da wuraren da suke lodi da sauke kaya.

Wace riga ce wannan, kuma ta yaya take aiki?

Abubuwa biyu ne aka haɗa a jikinta, kowanne da lokacin amfaninsa. Na farko shi ne yadin kansa, mai launin ruwan ɗorawa ko ruwan lemo ko ja mai kaifi, wanda aka rina da sinadarin da ke karɓar wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani ya mayar da shi haske na fili. Shi ya sa rigar take ɗaukar ido da rana, musamman da sanyin safiya da kuma dab da magariba, amma a cikin duhu yadin ba ya tsinana komai. Na biyu shi ne zanen azurfa da aka ɗinka a ƙirji da kafaɗu, wanda ke mayar da haske zuwa inda ya fito. Idan fitilar mota ta haska shi, mai tuƙin motar zai ga mutum tun daga nesa, saboda idonsa yana kusa da fitilar. Idan babu fitilar da ta haska shi, zanen ma ba shi da amfani.

Ma'aunin da ake bi shi ne EN ISO 20471 na shekarar 2013, wanda ya kasa tufafin kashi 3 gwargwadon faɗin yadi da zanen da ke jikinsu. Mataki na 2, inda yawancin falmaran suke, yana buƙatar aƙalla murabba'in mita 0.50 na yadi mai kaifin launi da 0.13 na zane, mataki na 3 kuwa 0.80 da 0.20, kuma shi ne ake nema ga masu aiki a bakin manyan hanyoyi inda motoci ke gudu.

Daga ina aka samo ta?

Launin ya samo asali ne daga Amurka, inda wasu 'yan'uwa biyu, Bob da Joe Switzer, suka fara gwaje-gwaje da fenti mai ƙyalli a shekarun 1930. Abin lura shi ne Bob ya shiga wannan bincike ne yana jinyar raunin da ya ji a kai a wurin sauke kaya. A Birtaniya ma'aikatan layin dogo ne suka fara sa irin waɗannan riguna, a wani gwaji da aka yi a Sikotland a 1964, kuma har yau ruwan lemo ne launin da aka wajabta a kan layin dogo na ƙasar. Daga can ta bazu zuwa aikin hanya, gine-gine, filayen jiragen sama da sito-sito.

Shin doka ce ta tilasta wa direba sa ta?

Babu wata dokar Birtaniya da ta ce direban babbar mota ya sa rigar ƙyalli yana zaune a kan sitiyari. Dokar lafiya da kariya a wuraren aiki ta 1974 ta ɗora wa mai kamfani nauyin kare ma'aikatansa da duk wanda aikinsa zai iya shafa, ta kuma ɗora wa ma'aikaci nauyin kula da kansa da ba da haɗin kai. Ƙa'idojin kayan kariya na 1992 sun ce idan an auna haɗarin wani aiki aka ga ba a iya kawar da shi ta wata hanya ba, dole a ba ma'aikaci kayan kariya kyauta, shi kuma dole ya yi amfani da su yadda aka koya masa. A watan Afrilun 2022 aka faɗaɗa wannan haƙƙi ya haɗa da masu aikin wucin gadi da ba su da cikakkiyar kwangilar ɗaukar aiki. Hukumar da ke sa ido a kan duk wannan ita ce HSE, wadda aka kafa a 1975.

Saboda haka abin da direba ke cin karo da shi a ƙofa ƙa'idar mai wuri ce, wadda ya tsara don cika wajibin da doka ta ɗora masa. A Faransa lamarin ya sha bamban, domin tun 2008 doka ta ce kowace mota ta ajiye rigar a ciki don ranar lalacewa a hanya, abin da ya sa masu zanga-zangar da ta ɓarke a can a watan Nuwamban 2018 suka same ta a hannu har ta zama sunansu, wato masu rigar ruwan ɗorawa.

To me ya sa direbobi ke gunaguni a kan abin da ba ya cutar da kowa?

Idan aka saurare su da kyau, ƙalilan ne ke cewa rigar ba ta da amfani kwata-kwata. Abin da ya fi ci musu rai shi ne yadda ake zartar da ƙa'idar ba tare da duban hali ba. Direba ɗaya zai iya shiga wurare huɗu a yini guda ya tarar da ƙa'idoji huɗu: nan ruwan ɗorawa, can sai ruwan lemo, wani wurin sai mai dogon hannu da wando mai zane, wani kuma sai an ƙara hular kwano da tabarau, ko da a fili ne fetal inda babu abin da zai faɗo daga sama sai ruwa. Wanda ya shekara 30 yana tuƙi bai taɓa taka kowa ba, ba ya jin daɗi idan saurayin da bai taɓa hawa kan tirela ba ya tsayar da shi saboda bai ja zif ɗin falmaran ba.

Akwai kuma hujjar da suke yawan kawowa, wadda ba ta rasa tushe: amfanin rigar shi ne ta bambanta mutum da abin da ke kewaye da shi. A harabar da aka shafa wa turaku da shinge da motocin ɗaga kaya fenti ruwan ɗorawa, kuma kowa, har da mai shara da baƙon ofis, yana sanye da launi ɗaya, ido yakan saba ya daina lura.

Sai dai babban ƙorafin ya wuce tufafi. Direbobi suna ganin ana tsananta abin da ya fi arha da sauƙin gani, ana kau da kai daga abin da zai ci kuɗi. Za a kori mutum don ya manta rigarsa a mota, alhali fitilun harabar sun mutu, ramuka sun cika hanya, layin da aka ja wa masu tafiya a ƙasa ya goge, kuma an jibge kaya a kansa. A manyan cibiyoyin rarraba kaya ana karɓe makullin mota a tura direba wani ɗakin jira mai kujerun roba, ya zauna awa biyu ko uku, bayan a cikin motarsa akwai gadon da zai miƙe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da na'urar ƙidayar lokaci ke bibiyarsa, wanda doka ta kayyade masa tuƙin awa 9 a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa 4 da rabi. Ga kuma batun bayan gida, wanda wasu wuraren suka daɗe suna hana direbobin waje shiga. Idan wurin da ya hana mutum kewayawa ya ce masa lafiyarsa ce ta sa aka kafa ƙa'ida, da wuya ya gaskata, kuma daga nan ne zargin da aka fi ji yake fitowa, cewa ƙa'idojin na kare kamfani ne daga inshora da lauyoyi, don ranar da tsautsayi ya faɗa a sami wanda za a ɗora wa laifi.

Suna da gaskiya ke nan?

A wani ɓangare suna da ita, kuma tsarin kariya na hukuma kansa yana goyon bayansu. A jerin matakan magance haɗari, kayan sawa su ne na ƙarshe. Abin da ke gaba shi ne kawar da haɗarin baki ɗaya, sannan raba mutane da motoci da shinge na gaske, da tsara harabar ta zama hanya ɗaya mai shiga da fita don a rage komawa da baya. HSE ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen da motoci ke haddasawa a wuraren aiki suna faruwa ne lokacin da mota ke ribas. Tirela mai tsawon mita 16.5, wadda nauyinta da kaya kan kai tan 44, tana da wurare a baya da gefe da madubi ba ya nunawa, kuma wanda ya tsaya a can babu launin da zai cece shi. Kamfanin da ya raba falmaran ya naɗe hannu bai sauke nauyin da ke kansa ba.

Inda nake ganin gunagunin ya wuce gona da iri shi ne inda ake mayar da gazawar masu wuri hujjar raina rigar kanta. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Birtaniya wajen ƙarfe 4 na yamma, lodi mai yawa kuma da asuba ko da dare ake yin sa, sau da yawa cikin ruwan sama. Direban da ya sauko yana kwance igiyoyin tamfol da baƙar riga, mai motar ɗaga kaya da ke tahowa da lodi a gabansa ba zai gan shi ba sai ya zo dab da shi. Haka nan wanda motarsa ta lalace a gefen babbar hanya cikin dare. Daɗewa a kan aiki tana koya wa mutum tuƙi, amma ba ta sa wani direban ya hango shi a duhu, kuma sabo da wuri shi ne ke sa mutum ya ratsa bayan mota ba tare da ya waiwaya ba.

Karɓe makulli fa, yana da wata ma'ana?

Yana da ita. Haɗarin da ake gudu shi ne direba ya ɗauka an gama lodi ya ja mota, alhali mai motar ɗaga kaya yana shiga ko fita daga cikin tirelar, sai mai ɗaga kayan ya afka ratar da ta buɗe tsakanin dandamali da bayan mota. An yi asarar rayuka ta wannan hanya. Amma karɓe makulli ba shi ne kaɗai magani ba, domin akwai na'urar da ke riƙe taya, da makullin da ake sa wa bututun iskar birki ta yadda ƙofar dandamali ba za ta buɗe ba sai an kulle tirelar, da fitilun ja da kore. Wuraren da suka kashe kuɗi a kan irin waɗannan sukan iya barin direba ya huta a motarsa, kuma a irin su ƙorafi ya fi ƙaranci.

Me ya sa ake ganin wasu da rigar har a kan sitiyari, wasu kuma tasu ta yi baƙi ƙirin?

Mai sauke kaya a wurare da yawa a rana yakan gaji da sawa da cirewa ya bar ta a jiki, abin da 'yan'uwansa direbobi kan mayar abin zolaya. Wasu kuma suna cire ta ne saboda launinta na dawowa a gilashin gaba ya dame su. Ta biyun ita ce matsalar gaske: rigar da man inji da ƙura suka rufe, ko wadda rana ta koɗar, ko aka wanke fiye da adadin da aka rubuta a takardar wuyanta, ta daina aikinta, amma za ta wuce maigadi lami lafiya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa a wasu ƙofofin ana duba ko an sa ne kawai, ba a duba ko ana ganin mai ita.

Me ke samun direban da ya ƙi bin ƙa'ida?

Mafi sauƙi a mayar da shi da kayansa, wani lokaci a haramta masa shiga wurin gaba ɗaya, kamfaninsa kuma ya ladabtar da shi idan abin ya jawo asarar ciniki. Idan ya ji rauni ba ya sanye da abin da aka ba shi, kotu na iya rage diyyar da zai samu bisa cewa da sakacinsa a ciki. Masu wuraren ma ba a banza suke tsanantawa ba, domin tun watan Fabrairun 2016 kotunan Ingila da Wales suke auna tara gwargwadon girman cinikin kamfani, har ta kai ana cin manyan kamfanoni tarar fam miliyan ɗaya ko fiye a kan haɗari guda.

An sami wani sauyi a 'yan shekarun nan?

An samu, ko da yake a hankali. A 2012 HSE ta kafa wani kwamiti da jama'a ke kai wa ƙarar ƙa'idojin da aka fake da sunan kariya aka ƙirƙira ba dalili. A 2017 ta fayyace cewa direbobin da suka kawo kaya suna da haƙƙin amfani da bayan gida da wurin wanke hannu na wurin da suka je, aka kuma sake tunatar da kamfanoni a 2020 lokacin annobar korona. Ƙarancin direbobi na 2021, wanda ƙungiyar masu sufurin kaya ta RHA ta ƙiyasta da kusan 100,000, har gidajen mai suka ƙafe a watan Satumba, ya tilasta wa mutane da yawa tambayar abin da ke korar mutane daga wannan sana'a, kuma yadda ake karɓar direba a wurin sauke kaya yana cikin amsoshin da aka ji. A Landan kuma, tun watan Maris na 2021, motar da ta haura tan 12 ba ta shiga birnin sai da izini da aka gina a kan yawan abin da direba ke iya gani kai tsaye ta gilashinsa, wadda ta gaza kuma sai an sa mata kyamarori da na'urorin gargaɗi. An ƙara tsaurara wannan sharaɗi a watan Oktoban 2024.