Waiwaye: Daga Gambo Sawaba zuwa 'yan matan ofis na Kano

Lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, macen Arewa ba ta da ƙuri'a. Gambo Sawaba, 'yar jam'iyyar, ta taso daga Zariya zuwa Kano tana shiga gidajen kulle tana wayar wa mata kai, aka kama ta aka ɗaure, daga baya hukumar En'e ta kore ta daga garin. Abokan hamayya kuma suka liƙa wa matan jam'iyya sunan karuwai, tabon da har yau bai gama gogewa ba. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a, alhali 'yan uwansu na Kudu sun yi zaɓe tun kafin samun 'yancin kai.

A wannan zamanin gwaggona ta gama makarantar horon malamai mata ta fara koyarwa a wata firamare cikin birni. Kafin ta karɓi alli sai da aka yi zaman dangi uku. Hedimasta ya tsallake ta sau biyu wajen ƙarin girma, yana cewa mai goyo ba ta riƙe makaranta. Da goyon a baya take rubuta jadawalin da yake sa wa hannu. Ba ta kai ƙara ko'ina ba, domin a ganinta barinta da aka yi ta fita aiki ma alfarma ce, kuma in ta yi magana, gobe miji zai ce ta zauna a gida.

'Yarta ta gama Jami'ar Bayero (BUK), tana aiki a wani banki. Ranar da ta dawo tana huci saboda oga ya ce ta riƙa yi wa manyan kwastomomi murmushi in tana son cika adadin kuɗin da aka ɗora mata, gwaggo ta ce, "Ke dai ki yi haƙuri, ki riƙe aikinki."

"Umma, haƙurin nan da kuka yi shekara talatin, me ya sauya?"

Tambayar ta yi zafi, amma ina ganin tana da gaskiya, ko da yake haƙurin nan shi ya buɗe mata ƙofar bankin. Abin da uwar ke kira halin maza, 'yar tana kiransa cin zarafi, tana kuma ajiye saƙonnin WhatsApp don shaida.

Haka suka rabu a kan 'yan siyasa mata. Gwaggo tana jinjina wa irin su Naja'atu Muhammad don ba sa tsoron faɗar magana a gaban maza, amma ba za ta yarda 'yarta ta bi taron tsakar dare da 'yan jagaliya ba. 'Yar ba ta damu da sunan da za a kira mace ba, tambayarta ita ce me ta yi wa mazaɓarta. Abin da ke ƙona mata rai shi ne lissafi: kujeru 40 a majalisar dokokin jihar Kano, zaɓen 2023 bai ba mace ko ɗaya ba, ga shi a Maris 2022 majalisar tarayya ta yi fatali da ƙudurorin da za su ware wa mata kujeru. Mata ne ke cika layin zaɓe tun da asuba, a sallame su da atamfa da taliya.

Da aka rantsar da Mai Shari'a Dije Aboki a matsayin babbar jojin jihar a 2023, gwaggo ta yi guɗa a tsakar gida. 'Yar ta taya ta murna, sannan ta ce, "Umma, wannan naɗi ne. Ni wadda aka zaɓa nake jira."